Ranar da Na Kasa Faɗin Sunan Babanki

Uwani, Inugu.

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kun isa Fatakwal lafiya ke da mai gidanki, kuma gajiyar biki ta sake ku. Allah ya tsare ki a hanya da cikin gida, ya kare ki daga sharrin da kike gani da wanda ba kya gani, ya sa ɗakin da kika shiga ya zame miki wurin hutawa. Ki gaishe shi, ki ce na gode da haƙurin da ya yi da mutanenmu.

Ba labarin gida zan ba ki ba, kwana tara kacal da tafiyarki, babu abin da ya canja. Kin san ni da rubutu. Tun ina aji uku a sakandare nake cika littattafai da abin da ya faru kowace rana, kina yarinya kina yi mini dariya wai har farashin tumatir ba ya tsere mini. Kwana uku ke nan ina fito da tsofaffin ina karantawa, don kada in faɗa miki abin da ƙwaƙwalwata ta gyara. Wannan takardar ma sau huɗu ina fara ta ina yagewa. Ban tabbata ina da bakin ba ki shawara ba. Wadda aurenta ya mutu a hannunta, me za ta koya wa amarya? Amma na duba ko'ina ban ga wanda zai faɗa miki ba in ba ni ba.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Mijinki ɗan Masar ne. Da bakinsa ya gaya mini ranar da ya zo gaishe ni cewa takardar aikinsa za ta ƙare bayan Babbar Sallah, zai koma gida, ke kuma ki bi shi idan bizarki ta fito. Ranar ɗaurin aure, bayan an dawo daga masallaci, na ji shi a tsakar gida yana tambayar Kawunki Sani yaushe za a je rajista. Kawunki ya yi dariya ya ce, "Rajista kuma? Mu nan ba a yi mana auren kotu, malam. Liman ya ɗaura, jama'a sun shafa fatiha, an raba goro. Me ya rage?" Mijinki ya bar maganar don ladabi. Ni ina bayan labule, na ji komai, amma ban fito ba. Kusan kalma da kalma abin da Babana ya faɗa ke nan shekara ashirin da uku da suka wuce, kuma a lokacin ma bayan labule nake.

Kin taso kina jin cewa babanki ya tafi Turai ya manta da mu. Ban taɓa faɗa miki haka da bakina ba, amma ban taɓa ƙaryatawa ba, kuma na san wannan ma ƙarya ce. Bari in faɗa miki yadda abin ya kasance, bi da bi.

Babanki Bahaushen Kumasi ne, fasfonsa na Gana, zamansa kuma a Turai inda yake aiki a wata ma'ajiyar kaya. Sau ɗaya a shekara yake samun hutu, sai ya zo Onitsha da tsofaffin firji da talabijin ya sayar. Mai masaukinsa, Alhaji Mudi, abokin Babana ne tun suna kai shanu mayanka tare. Shi ya zo da babanki gidan nan ranar wani suna, a nan ya gan ni ina raba shinkafa. Inna takan toshe baki in yana magana saboda Hausarsa ta Kumasi, ta ce ita sai ta fassara kafin ta gane. Mutum ne mai sanyi, mai son tsari, komai nasa a cikin ambulan yake. Na so shi. Wannan ne karo na farko da na rubuta wannan maganar inda wani zai karanta.

Aka sa rana, hutunsa ya ƙare kafin ranar ta zo. Babana ya ce ba a ɗaga aure saboda jirgi, ai ko yana gari ba shi zai karɓa ba. Aka ɗaura yana can, Alhaji Mudi ya karɓa masa, Baffana ya bayar da ni. Aure ne ingantacce, ban taɓa shakkar wannan ba. Bayan wata bakwai ya dawo na tare a wani ɗaki da ya kama mana kusa da Kasuwar Relief. A satin farko ya ce mu je rajista a ba mu takarda, don can ba za su gane auren da babu takarda ba. Na ce sai an tambayi Baba. Muka zo Inugu, ya tambaya, Baba ya ba shi amsar da na faɗa miki. Ummi, ni ce nake karanta wa Baba wasiƙunsa, ni nake cika masa takardun asibiti. Da na fito na ce, "Baba, wannan ba sabon aure ba ne, shaida ce kawai irin ta katin asibiti," da ya yarda, don yana jin maganata a kan duk abin da ya shafi takarda. Abin da ya riƙe ni shi ne matan unguwa. Na ji tsoron a ce 'yar mahauci ta yi boko ta raina auren masallaci. Na buɗe littafin wannan satin, ga abin da na rubuta: "Ya ji haushi amma bai nuna ba. Ina ganin ba komai, za a yi daga baya."

Don haka ki je rajista, ke da shi, kafin ki gama karanta sauran takardar nan ma in zai yiwu. Ku kuma koma wurin limamin da ya ɗaura ku roƙe shi takardar shaida da sa hannun waliyyi da shaidu, tun suna raye, tun suna tuna ranar. Kada ki dogara da cewa shi zai zauna nan saboda ke. Abin da aka faɗa mini a lokacina shi ne, namijin ƙasar nan in ya auro baƙuwa yana iya nema mata zama, amma mace ba ta jawo wa mijinta irin wannan. Ban sani ba ko an canja, ki tambayi wanda ya sani. Maganar Kawunki ki bar mini. Jiya na je har ƙofar shagonsa don in faɗa masa, na tarar da mutane, muka gaisa na dawo. Zan sake komawa. Amma kada ki jira ni, kin ga dai halina.

Kuskure na biyu ƙarami ne a ido. Babanki yana da kyamara, kullum yana so mu ɗauki hoto tare, ni kuma ina gudu. In ya ba wani maƙwabci kyamarar ya ce ya ɗauke mu, sai in shige ɗaki in ce tukunya tana ƙonewa. Ina ganin tsayawa kafaɗa da kafaɗa da miji a gaban mutane rashin ta-ido ne. Ya kan ce, "Hajara, wata rana za ki nemi hoton nan da kuɗinki." In ce masa, "In na so ganinka ai ga ka nan." Hoton bikina guda biyu ne, duka ni da ƙawayena, fuskata a rufe da mayafi, ko ke ba za ki rantse ni ce ba.

Da cikinki ya tsufa na dawo gida haihuwa kamar yadda ake yi wa 'yar fari, shi kuma ya koma bakin aikinsa. Ina cikin wankan jego aka ce a je a karɓo takardar haihuwarki. Kawunki Sani ya hau okada ya tafi. Da ya dawo na duba, sai na ga sunan Babana a wurin sunan uba. Na ce, "Yaya, ai ba haka ba ne." Ya ce, "Akawun ya ce mene ne sunan gida, na faɗa masa. 'Yar gidan nan ce ko ba 'yar gidan nan ba ce? Kina so in tsaya ina rubuta sunan mutumin Gana, su ce ba 'yar ƙasa ba ce su hana ta makaranta?" Inna ta ce yana da gaskiya. Na ninke takardar na saka a ƙasan akwati. Da wannan sunan kika yi firamare, da shi kika yi makarantar jinya, shi ne a fasfonki yanzu.

Ki ɗauki hoto da mijinki, Ummi. A kicin, a mota, a gidan abokansa, ranar Sallah, da fuskarki a buɗe. Kada ki goge saƙonninsa a waya, har na rigima. Idan Allah ya ba ki haihuwa, ko kina jin jiki, kada ki aiki kowa karɓo takarda, ko ni. Ki karanta kowane layi kafin a buga hatimi.

Yanzu na zo ranar da ta fi kowace ci mini rai. Kina da shekara biyu babanki ya gama haɗa takardunsa na can, ya nema mana izinin zuwa wurinsa, aka kira ni ofishin jakadancin ƙasar da yake aiki a Legas don a yi mini tambayoyi. Gwaggo Asabe, ƙanwar Babana, ita ta raka ni don ta taɓa zama a Legas. Tun daga tasha har muka tsallake gadar Onitsha tana yi mini huɗuba: "Ki sunkuyar da kai. Kada ki yi rawar kai, kada ki zuba kamar rediyo. Ko Bature ya san mace mai kunya, in ya ga tarbiyya shi da kansa zai miƙo miki." Na yarda da ita. Har na rubuta shawarar a bayan tikitin mota don kada in manta.

Ba a bar Gwaggo ta shiga ba, ta zauna da ke a waje. Na tarar da wata mata a bayan gilashi, mai ɗan furfura, ba ta da muguwar fuska, har murmushi ta yi mini. Ta ce, "Yaya sunan mijinki?"

Turanci ta yi, kuma na ji ta sarai, ni ce nake zuwa ta ɗaya a Turanci a ajinmu. Amma tun da aka ɗaura aurena ban taɓa furta sunan nan ba, ko ni kaɗai a ɗaki. Inna ta yi shekara arba'in ba ta faɗi na Baba ba. Babu wanda ya san ni a wurin nan, babu wanda zai kai labari Uwani, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Na nuna mata fom na ce, "Ga shi nan a rubuce."

Ta ce, "Na gani. Daga bakinki nake so in ji."

Na ce, "Baban Ummi."

Ta dube ni, ta rubuta wani abu. Ta tambayi ranar haihuwarsa, ban sani ba, ban taɓa tunanin ana tambayar miji wannan ba. Ta tambayi sunan wurin aikinsa, na ce wurin ajiye kaya ne. Ta ce, "Me kika fi so a halinsa?" Sai na ji dariyar kunya ta kama ni, na ja mayafi na rufe baki. Ina da amsa, Ummi, ina da amsa fiye da goma. Yadda yake goge mini takalmi in za mu fita. Yadda yake cin tuwon da ya yi gishiri bai ce komai ba. Ko ɗaya ban faɗa ba.

Sai ta ce, "Ranar aurenku wane kaya ya sa?"

Na ce, "Ba ya nan."

"Ba ya wurin?"

"Ba ya ƙasar."

Ta buɗe kofin fasfonsa tana bin hatimai da yatsa. Ta ce, "Ke fa, kina wurin?"

Na ce, "A'a, ina cikin gida."

Ta ajiye biro ta ce, "To wa ya auri wa?"

Na ce Alhaji Mudi ya karɓa, Baffa ya bayar. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban yi mata bayanin wakilci ba, ban ce haka ake yi a wurinmu tun kaka da kakanni ba, ban ce ko ango yana gari ba shi yake karɓa ba. Na ɗauka kowa a duniya ya san wannan. Ta nemi takardar aure, babu. Ta nemi hoto, na miƙa na mayafi. Ta nemi takardar haihuwarki, ta karanta sunan uba, ta sake karantawa. Na daɗe ina jin haushin matar nan, amma da na sake karanta littafina a satin nan na sa kaina a kujerarta. Mace ta zo ba ta faɗi sunan mijinta ba, ba ta san ranar haihuwarsa ba, ta ce ba ya nan aka yi auren, 'yarta kuma sunan wani ne a takardarta. Ni ma da ban ba ta ba.

Da na fito Gwaggo ta ce, "Yaya? Kin dai yi kunya ko?" Na ce na yi. Ta ce, "To shi ke nan, an gama." Bayan sati uku amsa ta zo cewa ba su gamsu akwai aure tsakaninmu ba.

Sunansa Abdulƙadir. Na rubuta, hannuna bai karye ba. Ke na ga kina kiran naki da sunansa a waya, na ji daɗi ko da ban nuna ba. Amma ranar da ya zo gaishe ni, da ya tambaye ki wani abu a gabana, na ga kin sunkuyar da kai kin ja gyale daidai yadda nake yi. Ni na koya miki, ban san ina koya miki ba. Ki ajiye wannan kunyar a ƙofar ofishinsu, in kin fito ki ɗauki abarki. Ki san ranar haihuwarsa, da sunan mahaifiyarsa, da unguwarsu, da abin da yake yi a wurin aiki dalla-dalla. In an tambaye ki me kike so a halinsa, ki ɗaga kai ki faɗa. Duk al'adarmu da kika ambata, ki ɗauka wanda yake jinki bai taɓa jin ta ba, ki warware masa daga tushe.

Da abin ya tsaya nan da an gyara. Babanki ya bugo ya ce kada in damu, in jira shi zuwa ƙarshen shekara, zai zo mu je rajista, mu gyara takardarki, mu sake nema daga farko. Wata takwas ne kawai. Na kasa jira. Na riga na yi sallama da mutane, na raba tukwanena, matan layinmu sun fara kirana Hajiyar Turai suna dariya in na wuce. Maƙwabciyata a Onitsha, Mama Chika, mace mai kirki wadda take riƙe ki in na je kasuwa, ta ga ina ramewa ta ce akwai wani ejan mai haɗa takardun tafiya a bayan Kasuwar Relief da ya fitar da ɗan ƙanwarta. Da kyakkyawar niyya ta kai ni.

Wani bene ne, ɗaki ɗaya, da kwamfuta da taswirar duniya a bango. Na ba shi labari, ya kwashe da dariya ya ce, "Madam, hoto ne ya sa ki kuka? Hoto ai ba ciwo ba ne. Kawo fuskarki, kawo ta oga." Bayan kwana huɗu na koma ya miƙo mini ambulan. Ga ni cikin farar rigar amare, ga babanki cikin kwat, muna yanka kek. Ga kuma takardar aure da jan hatimi. Na ce, "Ni ban taɓa sa irin wannan rigar ba." Ya ce, "Wadda za ta duba ta zo bikinki ne?" Mama Chika ta riƙe hoton tana cewa, "Kai, Maman Ummi, ashe haka kike da kyau!" A littafina na ranar na rubuta: "Yau na ga kaina tsaye kusa da shi. Mun dace. Ban sani ba ko haramun ne." Tambayar da na yi wa kaina ke nan. Ban tambayi kaina ba ko sun ajiye amsoshina na farko, inda na ce da bakina ba ya ƙasar ranar auren.

Na miƙa takardun, ashe sun ajiye. Wannan karon ba cewa suka yi ba su gamsu ba, cewa suka yi na kawo takardun jabu, kuma an rufe mini ƙofa na shekaru masu yawa. Babanki ma aka kira shi can aka yi masa tambayoyi, ya kusa rasa zamansa a kan abin da bai sani ba. Da ya bugo, a shagon waya na ɗauka, mutane suna layi a bayana.

Ya ce, "Hajara, wa ya aike ki?"

Na juya wa masu layin baya.

Ya ce, "Ban ce ki jira ni ba? Aurenmu na gaskiya ne, kin je kin mayar da shi na ƙarya da hannunki."

Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Kada ki bari kowa ya cika miki fom a bayan idon mijinki. Duk wanda ya ce zai gyara miki takarda, ki tashi ki bar wurin, ko 'yar'uwarki ce ta kai ki. In an hana ki da gaskiyarki, kina iya komawa. Kuma jira zai yi tsawo, Ummi, zai fi yadda aka ce miki. Za a tambaye ki a gidan biki, "Har yanzu kina nan?" Ki ce kina nan. Dariyar mata ba ta kai abin da na biya don in tsere mata ba. Kada ki yi sallama da kowa sai biza tana cikin fasfonki.

Saura ɗaya, shi ne wanda na yi ta yage takarda a kansa.

Babanki bai rabu da ni a kan wannan ba. Ya zo ƙarshen shekarar kamar yadda ya ce, ya zauna a falon gidan nan kina kan cinyarsa kina wasa da agogonsa. Ya ce tunda Turai ta rufe, in ɗauke ki mu koma Kumasi gidan mahaifiyarsa, can ba na bukatar biza. Shi kuma zai yi shekara biyu ko uku ya tattara ya dawo gida gaba ɗaya. A nan ba zai iya zama ba, ba shi da kowa, ba shi da rumfa, kasuwar tsofaffin kayan ma ta fara mutuwa. A lokacin Baba ya rasu, Inna kuma ɓarin jikinta ya shanye, ni nake juya ta, ni nake yi mata wanka. Na ce ba zan iya barin ta ba, ya bari ta samu sauƙi. Ya ce to. Shekara ta zagayo ya sake tambaya, na ce ya ƙara haƙuri. Ta uku ma haka. Inna ta yi shekara tara a kwance.

A shekara ta huɗu, wata rana ya bugo na gaji, na kwana biyu ban runtsa ba, ya sake ɗauko maganar Kumasi. Na ce, "Ka sauwaƙe mini kawai, kowa ya huta." Ya ce, "Kin san abin da kika faɗa?" Na ce na sani. Ya ce zai bugo bayan sati in sake faɗa. Ya bugo. Ina so in ce ban yi nufi ba, amma na ji kunyar janye magana, na sake faɗa. Bayan wata guda Alhaji Mudi ya kawo mini ambulan. Bai daina aiko miki da kaya ba sai da na mayar da su sau biyu, don ganinsu yana tayar mini da hankali. Ya koma Kumasi kamar yadda ya ce zai yi. Can ya rasu kina aji biyar a sakandare, labari bai iso mu ba sai bayan an yi arba'in. Ranar da na gaya miki kika ce, "Allah ya jiƙansa, ai dama ba mu san shi ba." Na bar ki a haka.

Ban taɓa tambayar Inna ba ko in tafi. Ni na yanke mata hukunci cewa ba za ta iya ba sai da ni. Wata shida kafin ta rasu, ina shafa mata mai a ƙafa, ta ce da bakinta da ya karkace, "Wai ni Hajara, me ya hana ki bin mijinki?" Na ce, "Ke mana, Inna." Ta ce, "Ni? Ni na ce ki zauna? Sani ba shi da mata ne? Da kin tambaye ni da na kore ki da tsintsiya."

Takardar sakin tana cikin ambulan ɗin nan, na haɗo miki. Da hannunsa ya rubuta, da cikakken sunansa da nawa, da naki a matsayin 'yarsa, da sa hannun shaidu biyu, don shi komai nasa sai da tsari. A duk duniya ita kaɗai ce takardar da ta nuna mun taɓa yin aure. Za a tambaye ki sunan uba da ƙasarsa a fom ɗinsu, sunan kakanki kuma shi ne a fasfonki. Ki kai ta wurin lauya na gaskiya tun yanzu, ki faɗa masa komai, ya gaya miki yadda ake gyarawa da rantsuwa a kotu. Ban sani ba ko za ta yi amfani. Ita ce abin da nake da shi.

Ga kuma abin da ban gaya miki ba lokacin biki. Hawan jinin nan da kika sani ya taɓa mini ƙoda. Likita ya faɗa mini tun kafin azumi, ya ce abin a hankali zai riƙa tafiya, ba kuma baya zai yi ba. Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin fi ni sanin ma'anar wannan, kuma na san abin da zuciyarki za ta ce miki da kin karanta. Shi ya sa na faɗa miki da kaina, don kada ki ji a bakin wani ki mayar da shi dalili. Ba sai kin tambaye ni ba, ga amsata tun yanzu a rubuce: ki tafi. Ranar da bizarki ta fito ki bi mijinki, ko ina asibiti. In kin isa can aka ce kada ki fita ƙasar sai takardar zamanki ta kammala, kada ki fita. Za a bugo miki a ce jikina ya tsananta, za a ce wace irin 'ya ce ke, mai yiwuwa ni da kaina in ciwo ya ci ƙarfina in ce a kira ki. Kada ki saurari wannan muryar, ki saurari wannan takardar, yau da hankalina na rubuta ta. Akwai masu juya ni a gidan nan. Na yafe miki zuwa jinyata, na yafe miki zuwa jana'izata, duniya da lahira. Ke kuma in kin iya, ki yafe mini uban da na hana ki.

Allah ya kai ki lafiya duk inda za ki, ya buɗe miki ƙofofin da suka rufe mini, ya tsare ki a jirgi da ƙasa da cikin mutanen da ba ki san harshensu ba. Allah ya haɗa kanku ke da mijinki a gari ɗaya, ƙarƙashin rufi ɗaya, har tsufa. Na ba Allah amanarki, shi ne mafi iya riƙo.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hajara